Hukuncin Dukiyar Da Aka Tono Daga Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, masu haƙar tushen gini a tsofaffin unguwanni, kamar na wajen Ƙofar Ɗan Agundi a jikin ganuwar Kano, sukan ci karo da kayan mutanen dā. To, idan abin da aka tarar zinariya ce, ta wane ne?

Irin wannan ya auku a ƙasar Hausa. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Katsina, an tona kusheyin manyan mutane a 1907, aka sake tonawa a 1992. A tono na biyu aka sami abin wuya da zobe da 'yan kunne na zinariya, da mundaye na hauren giwa, da tasoshin tagulla, waɗanda masana suka ce an binne su tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Malaman fiƙihu suna kiran dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne rikazi. Hadisi ya inganta, a ruwayar Buhari da Muslim, cewa ana fitar da humusi daga cikinta, watau ɗaya bisa biyar. A mazhabar Malikiyya ba a jiran nisabi ko cikar shekara. Humusin na baitulmali ne, saura kuwa na mai ƙasar ne, ko na wanda ya tsinta idan wurin ba shi da mai shi. Amma in sai da aka sha babbar wahala ko aka kashe kuɗi masu yawa kafin a fito da ita, zakka kaɗai za a fitar.

In kuwa akwai alamar Musulunci a jikin kayan, kamar rubutun kalmar shahada, hukuncinsu ya zama na tsintuwa: a yi cigiya shekara guda. Tona kabarin Musulmi don neman dukiya haram ne, na jahiliyya ma Malikiyya sun karhanta.

Sai kuma haƙƙin hukuma. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta hana haƙar kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba, ta kuma wajabta sanar da hukuma idan an same su. Don haka wanda ya tarar da irinsu a Kano ya kai labari Gidan Makama, kada ya kai wa maƙeri ya narkar. Abin wuyan da aka narkar nauyinsa kaɗai ke saura, labarinsa ya tafi har abada.

Akwai wa'azi kuma a ciki. An binne waɗancan mutane da adonsu, ƙasa ta ci jikinsu ta bar zinariyar ga wasu. Musulmi da likkafani kawai ake kai shi kushewa, aikinsa ne abokin zamansa.

Allah Ya sa a dace, amin.