Kati a aljihu, tsaba a hannu

Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya fara shirin rage mu'amala da tsabar kuɗi a Legas, amma har yau yawancinmu mun ɗauki katin banki a matsayin na cire kuɗi kawai. Albashi na shiga, sai a garzaya wurin mai POS a kwashe, a biya shi ladan cirewa, sannan a kai wa mai shagon da shi ma yana da na'urar a kan teburinsa. Wannan asara ce.

Manyan sayayya, irin su buhun shinkafa, man mota da kuɗin makaranta, a biya su da kati. Tsaba kuwa a bar wa mai adaidaita, mai shayi da mai kayan miya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna mana cewa sabis kan ɗauke a lokacin da ake tsananin buƙatarsa, don haka kada gida ya rasa ɗan canji.

Idan na'ura ta ce biya bai yi ba alhali an zare maka kuɗi, karɓi rasit ɗin ka adana, da shi za ka bi haƙƙinka a banki. Lambar sirri kuma kai za ka danna da hannunka, ko da mai POS ɗin ƙaninka ne.