Darasi A Kan Irin Ƙarya: Ɗibarsa, Gyaransa Da Rabonsa

Darasin wannan fitowa ba na gero ko dawa ba ne. Na wata shuka ce ta ado wadda Hausawa ke kira ƙarya, masana kuwa suna ce mata Adeniyum. Ita ce mai kumburarren gindi kamar tulu, mai fure ja-ja da rani sa'ad da ta kaɗe ganye. Asalinta ƙasashenmu ne na fari, daga Sanagal har Sudan da Gabashin Afirka da Yaman.

Kun san an ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To, ku sani wannan ƙaryar tana 'ya'ya, sai dai ba safai ba. Dalili shi ne yawancin na gidaje reshe aka sara aka dasa, maƙwabci ya ba maƙwabci, har duk na unguwa su zama jiki ɗaya. Ita kuwa galibi ba ta ɗaukar barbara daga kanta, sai da wata wadda ba uwarsu ɗaya ba. Wanda ke son iri sai ya aje biyu ko uku masu asali dabam kusa da juna. Kuma abin nema ne, domin ta iri ita ke yin wannan gindi mai kyau tun tana ƙarama, ta reshe ba ta kamo ta.

In ta ɗauka, za ka ga kwanso biyu a haɗe kamar ƙahon sa. Yakan yi wata biyu zuwa uku kafin ya nuna. Kada ka yi garaje ka tsinke shi ɗanye, ƙwayar ba za ta tsiro ba. Kada kuma ka sake, domin ko wace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi irin na tumfafiya, wadda danginta ce. Ran da kwanson ya tsage, iska ta kwashe, shi ke nan wahalar wata uku ta bi rariya. Dabara ita ce, in ya cika ya fara sauya launi, ka naɗe shi da zare sako-sako, ko ka ɗaura masa ƙyallen gidan sauro. Ka riƙa dubawa kullum da safe. Da ka ga tsaga a jikinsa, ka yanke.

A nan a yi hattara: ruwan jikinta dafi ne, maharba sun yi dafin kibiya da shi. A wanke hannu da sabulu, kada a taɓa ido ko baki, kada a bar yara da awaki kusa.

Gyara kuwa, mu mutanen hatsi mun saba da sussuka da shiƙa da bakace. Duk a aje su. Wannan a ɗaki ake yi, ƙofa a rufe. Ka buɗe kwanson a kan faifai, ka ɗauki ƙwaya ɗaya ɗaya, ka murɗe gashin nan biyu a hankali. Ƙwayar siririya ce kamar guntun tsinke, tsawonta wajen santimita 1, ɓawonta ba ƙwari, matsi kaɗan ya karya ta. Wadda ta cika ka aje, shafaffiya marar ciki ka zubar. Sa'an nan ka shanya a inuwa kwana biyu ko uku, ka zuba a takarda. Ban da leda, tana tara gumi, iri ya yi fumfuna.

Irin nan ba na rumbu ba ne. Sabo yakan tsiro cikin mako guda in akwai ɗumi, amma ko wane wata da ya wuce ƙarfinsa raguwa yake. A kwantar da shi a kasko mai huji a kan ƙasa mai yashi, a rufe sama-sama, a yayyafa ruwa kada ya kwanta.

Saura rabo, kuma nan ne amana take. Ba a auna shi da mudu, ƙidaya ake yi. A bisa ko wane ƙunshi ka rubuta yawan ƙwaya da ranar ɗiba da launin uwar. In da hali ka haɗa wa mutum na uwa biyu, domin shi ma nasa su yi 'ya'ya gaba. Masu lambun Tailan da Taiwan sun fitar da launuka da yawa da fure mai ninki, amma waɗannan aure ake yi musu a kan wani gindi, irinsu ba lalle ya gado uwa ba. Saboda haka wanda ya nuna maka hoto ya ce lalle irinsa haka zai fito, ya sayar maka da abin da shi kansa bai sani ba, shi ne garari da malamai suka hana. Mai shuɗin fure kuwa babu ita sam, kada kowa ya ba da ko kwabo. In kai ne mai sayarwa kuma iri ya kwana biyu a hannunka, ka shuka ƙwaya 10 tukuna, abin da ya tsiro ka gaya wa mai saye kafin a yi ciniki.