Amsar Tambaya: Na canza kati, faifai ya ɓace

Malam, daga Tanut nake rubutowa. Na canza katin haɗin sabarmu, sai ta daina ganin ma'ajiyar bayanai. Ina mafita?

Ƙanena, kwantar da hankalinka, bayananka suna nan. Sabon kati da tasa lambar WWPN yake zuwa, mai alamomi 16, shiyyoyin (zones) da ke haɗa sabarku da ma'ajiyar kuwa tsohuwar suka sani. A na'urar Cisco MDS, raɗa wa kowane kati suna da umarnin device-alias, yadda makiyayin Damargu ke kiran saniyarsa. Kunna yanayin enhanced, ka gina shiyyoyin da sunayen. Gobe in ka sake canza kati, lambar kawai za ka sauya. Don Allah buga commit, in ba haka ba gyaran na rataye. Sannan shigar da sabuwar lambar a ma'ajiyar kanta.