DARASIN UWARGIDA: Kafin Ki Kafa Rumfa A Tsakar Gidanki

 Darasinmu na wannan fitowa a kan rumfar tsakar gida ne. Na san wata za ta ce, haba, rumfa ma har sai an yi mata darasi? To 'yar'uwa, ki ɗan tsaya ki lissafa, awa nawa kike yi a ɗaki da rana, awa nawa kuma a tsakar gida? A nan kike tankaɗe, a nan kike tsintar shinkafa, a nan ake kitso, a nan yaro yake koyon rarrafe, a nan keken ɗinki ko injin taliya yake. Amma ranar da za a kafa rumfar, sai maigida da kafinta su yanke shawara su biyu, ke da za ki wuni a ƙarƙashinta kina ɗaki. Sai damina ta faɗi a ga ruwa yana kwanciya a bakin ƙofa, ko iska ta yaye kwanon ta jefa maƙwabta, alhali wataƙila kuɗin adashinki ne ya tafi a ciki.

Don haka abin da muke so ki riƙe shi ne: ki san abin da kike buƙata tun kafin a kira kafinta, ki kuma gaya wa maigida cikin ladabi da hujja. Rumfa tana da abokan gaba huɗu: ruwa, iska, gara da wuta. Wadda ta yi musu shiri ta huta.

1. Ki san yanayin ƙasarki

Mu da muke Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, yanayinmu ya sha bamban da na arewacin Kano. Duk yadda aka ƙara yin kudu, daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, a ratsa Dajin Falgore zuwa Doguwa da duwatsun Riruwai, ruwan sama ƙaruwa yake yi. Damina tana riga sauka a wajenmu, tana kuma jimawa ba ta ɗauke ba. Ruwan shekara a wannan yanki yakan kai milimita 1,000, a can kudu ma ya wuce haka. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da masu zama gefen fadamu, su kuma ga damshin ƙasa. Inda damshi yake, nan gara take, nan itace yake saurin ruɓewa.

Ga wani ɗan lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rumfa mai ƙafa 12 a tsaye, ƙafa 10 a kwance, ta kai kimanin murabba'in mita 11. Ke nan a shekara rufinta zai zubo da lita 11,000, wato duro 55 irin mai cin lita 200. Tambayar farko ke nan: wannan ruwa duka ina zai bi?

2. Zaɓen wuri

Kada ki yi gaggawa. Ki ɗauki kwana biyu ko uku kina lura da inda inuwa take da hantsi, da azahar, da la'asar. Ki tuna kuma inda ruwa ya saba taruwa a daminar bara, da hanyar da yake bi zuwa rariya. Kada rumfa ta tare wannan hanya.

Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa za ki ga bangon gabas ya fi zaizayewa a gidajen ƙasa. In bakin rumfa ya kalli gabas, feshi zai riƙa shigowa har tsakiya, iska kuma ta shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi. In ya kalli yamma, ranar la'asar za ta kore ki. Abin da ya fi shi ne bakin ya kalli kudu ko arewa, ɗaki ko katanga ta tare gabas. In fili bai ba da haka ba, a tanadi asabari da za a riƙa saukewa.

Kada a kafa rumfa a kan tsohuwar masai ko tsohuwar rijiya da aka cike, domin ƙasar wurin takan rufta da damina. A kuma duba wayar lantarki, kada ta gogi bakin kwano.

In kina da abokiyar zama, wannan magana ta ku duka ce. Rumfar da ta toshe wa ɗakin wata haske da iska, ko ta juya ruwa zuwa ƙofarta, ta zama mafarin rigimar da ba ta ƙarewa. A zauna da maigida a yi shawara tun ba a haƙa rami ba.

Haka ma maƙwabci. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin Abu Huraira da ya hana mutum ya ƙi barin maƙwabcinsa ya ɗora itace a jikin katangarsa. Amma wannan sauƙi ba izinin cutarwa ba ne. A nemi yardarsa tukuna, kada kuma a karkata rufi ya riƙa zuba a gindin katangarsa. Katangar ƙasa da ta sha ruwan damina biyu ko uku tana iya faɗowa a kan 'ya'yansa ko naki.

3. Daɓe

Wataƙila kin taɓa gani a talabijin yadda a Amurka da Turai ake yin dandamalin katako a bayan gida, a jera kujeru ana shan iska. Yana da kyau a ido, amma ba namu ba ne. Gara za ta cinye shi, rana ta tsattsaga shi, ƙarƙashinsa kuma ya zama maɓoyar kunama da maciji da ɓera. Su kansu sai sun jiƙa katakon da magani mai ƙarfi, har ma a ƙarshen 2003 Amurka ta daina amfani da wani irin maganin mai ɗauke da gubar arsenik a katakon gidaje, saboda yara da ke wasa a kai. Namu dandamalin na ƙasa ne ko na siminti.

Ko wanne kika zaɓa, a ɗaga shi ya fi tsakar gida tudu da kamar inci 6, amma kada ya kai dokin ƙofar ɗaki, in ba haka ba ruwa zai gangara ciki. A ɗan karkata shi zuwa waje, kamar inci 1 a kowace ƙafa 4. Kafin magini ya tafi, ki zuba ruwa buta ɗaya ki ga inda ya nufa. In ya kwanta a tsakiya, a gyara tun simintin yana ɗanye.

Daɓen gargajiya, wanda iyayenmu mata suke taruwa su yi da tsakuwa da madaɓi, a yayyafa ruwan makuba ta ɓawon ɗorawa, yana da sanyi a ƙafa, ga araha. Sai dai yana son gyara lokaci-lokaci, ba ya kuma jure wanke-wanke a kansa kullum. Siminti ya fi ƙarko in an yi kwaɓi na gaskiya: awo 1 na siminti, awo 2 na yashi, awo 4 na tsakuwa, kaurin daɓen ya kai inci 3 zuwa 4. Yashin ya zama mai tsabta, ba mai laka ba. Bayan an gama, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska take busar da shi tun bai yi ƙwari ba. Wannan aikin naki ne, uwargida, don magini ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ki roƙi magini kada ya goge saman ya yi santsi kamar faranti. In kuma tayil za a sa, a nemi mai kaushi. Mai ciki, ko tsohuwa, ko yaro ya taka jiƙaƙƙen tayil mai santsi, kin san sauran labarin. In turmi zai riƙa zama a wurin, a bar masa gefe guda na ƙasa, domin daka yana fasa siminti.

4. Dirkoki

Dirka ita ce ƙafar rumfa, a gindinta kuma gara take farawa. Azarar giginya da itacen ƙirya an san su da jure gara, shi ya sa magabata suka riƙe su. Sai dai yanzu sun yi wuya. Ki kuma sani Dajin Falgore gandun gwamnati ne, an hana sare itace a cikinsa. Kada arha ta sa a sayi abin da zai jawo wa maigida magana da ma'aikatan gandun daji.

Wanda ya fi samuwa shi ne sandar turare da ta darbejiya, sai katakon kasuwa irin wanda ake saya a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko a shagunan garuruwanmu. In katako ne, a zaɓi busasshe, mai nauyi, marar ƙananan huji. Ɗanye yana lanƙwashewa bayan an buga shi. A shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, ba bayan an gama ba. Mutanenmu suna amfani da baƙin mai, to in shi za a sa, a tsaya a ɓangaren da zai shiga ƙasa, kada a shafa inda yara ke runguma ko kusa da abinci.

Wadda take da hali, bututun ƙarfe ya fi kwanciyar hankali. Ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa da wajen masu walda. A yi masa fenti don tsatsa. Ko itace ko ƙarfe, ramin ya kai zurfin ƙafa 2, a cike da kankare, a ɗan tayar da shi sama da daɓe don kada ruwa ya kwanta a gindin.

5. Rufi

Zana da kara sun fi komai sanyi, ga su a ƙofar gida bayan kaka. Aibinsu biyu: ba sa tare ruwa mai yawa irin namu, sai an riƙa sabuntawa, sannan ga saurin kama wuta. Kwano yana tare ruwa ya daɗe, amma a watan Maris da Afrilu zama ƙarƙashinsa sai mai haƙuri. Dabarar ita ce a haɗa biyun: kwano a sama, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashinsa, a bar ɗan fili tsakaninsu iska ta riƙa wucewa. A kuma ɗaga rufin, ɓangaren da ya fi ƙasa kada ya gaza ƙafa 7 zuwa 8.

Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ya ishi rumfar da muka yi misali da ita har a yi saura. Kada a bi mafi arha, wanda yake lanƙwashewa a hannu kamar takarda. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A yi amfani da ƙusa mai hula, a buga ta a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A ɗaure katakon rufi da dirkoki da waya mai kauri ko siririn ƙarfe, domin iska ba kwano kaɗai take ɗauka ba, har da katakon take tafiya. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi ba magani ba ne. Dutse yana faɗowa a kan mutum, taya kuma tana tara ruwa sauro ya hayayyafa.

A sa indararo a bakin rufin, ya zuba a duro. Kin sami ruwan wanki kyauta. Amma duron ya kasance a rufe ko da yaushe, saboda sauro yana iya ƙyanƙyashewa ya girma cikin mako ɗaya zuwa biyu, sannan yaro mai ƙiriniya yana iya leƙawa ya faɗa.

6. Murhu

Yawancinmu damina tana sauka sai mu ja murhu zuwa ƙarƙashin rumfa. In kin san haka za ki yi, ki faɗa tun farko. A ware gefe guda na girki, rufinsa kwano zalla ba zana, a bar wa hayaƙi mafita ta sama. Kada a jingina buhunan masara, kara ko galan ɗin fetur a kusa. Hayaƙin ma kansa ba abin rainawa ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020. Ke da goyonki ku ne kuka fi shaƙar sa.

7. Lokaci da kuɗi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An sayar da masara da shinkafa, ga zana sabuwa, ƙasa ta bushe, aiki kuma zai ƙare kafin guguwar farkon damina. Ku sa kafinta ya rubuta duk kayan da ake buƙata da adadinsu, kuɗin aikinsa daban. Kada a biya shi duka sai ya gama. In kuɗin bai isa ba, a fara da dirkoki masu kyau da rufin zana, baɗi a sa kwano, wata shekara a yi siminti. Sannu ba ta hana zuwa. In gidan haya ne, ko gidan gado da ba a raba ba, a nemi izini tukuna, a kuma yi irin wadda za a iya kwancewa a tafi da ita.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, ki ɗauki takarda ki zana tsakar gidanki. Ki nuna gabas, ki nuna rariya, murhu, rijiya da ƙofar kowane ɗaki. Sannan ki amsa waɗannan: Me zan riƙa yi a rumfar, mutum nawa za ta ɗauka? Ina ruwanta zai bi? Wa za ta iya cutarwa? Nawa muke da shi a hannu? Sai ki nemi lokacin da maigida ya ci abinci ya huta, ki nuna masa. Wadda take da rumfa tun da, ta ɗauki wuƙa ta ɗan soki gindin kowace dirka. In ta shige da sauƙi, gara ta gama aikinta, a canza kafin hadarin farko.

Allah Ya sa albarka a gidajenmu, Ya tsare mu da zuriyarmu. Sai mun sake saduwa. Wassalamu alaikum.