Aikin Lambu A Fadama Da Sanin Baƙon Tsiro

Ya kai manomi, idan ruwan sama ya ɗauke, fadama ita ce gonarka ta biyu. Mutanen Gulbin Maraɗi da na Majiya da na Koramar Damagaram sun daɗe da sanin haka. Bayan farin 1984 ma, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta matsa ƙwarai a kan noman rani, don kada talaka ya dogara ga damina kaɗai.

Amma fadama tana da aibi biyu. Na fari, ruwa in ya yi yawa yakan kashe shuka. Na biyu, ambaliya takan kawo irin da ba kai ka shuka ba, wani abinci ne, wani kuwa dafi ne. Maganin duka biyun wuri ɗaya yake farawa: ka tada fangali, ka yi shuka a layi.

DUBA ƘASA TUKUNA

Ka sani saiwa tana shan iska kamar yadda take shan ruwa. In ruwa ya kwanta a gindin tumatir kwana 2 ko 3, sai ka ga ya yi yaushi, alhali yana cikin ruwa. Saiwar ce ta shaƙe.

To, kafin ka sa hauya, haƙa rami mai zurfin santimita 50, wato wajen kamu guda, ka bar shi ya kwana. In da safe ka tarar ruwa ya cika shi, wurin bai isa shuka kayan miya ba tukuna. In ruwan yana can ƙasan ramin, sai ka fara aiki. Haka kuma ka dunƙula ƙasar a hannu. In ta yi laka tana bin yatsu, dakata. In ta dunƙule, ka taɓa ta marmashe, lokaci ya yi. Inda ka ga farar kanwa ta fito bisa ƙasa, kada ka kai albasa can.

TADA FANGALI

1. Faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 10, tudunsa santimita 20 zuwa 30.
2. Bar hanya ta santimita 50 tsakanin fangali da fangali. Ita ce hanyarka, ita ce kuma magudanar ruwa.
3. Haɗa hanyoyin da babban lambatu wanda zai kai ruwa gangare.
4. Zuba ruɓaɓɓen taki kilo 20 zuwa 30 a kowane fangali. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, kuma cike yake da irin ciyawa.

KOWACE SHUKA DA WURINTA

Wuri mafi laima, ba gwaza da rake. Tsaka-tsaki, sa alayyafo da lalo da kuɓewa da yakuwa, dankali kuwa bisa kunya. Fangali mafi tudu, na tumatir ne da albasa da karoti da salati da shu da tattasai.

Watan Oktoba da Nuwamba ne lokacin yafa iri. Tumatir yakan isa dashe bayan kwana 25 zuwa 30, albasa bayan kwana 40 zuwa 50. Bar santimita 50 tsakanin tumatir da ɗan'uwansa, haka ma shu. Salati santimita 25, albasa 10 zuwa 15. Ja igiya ka bi ta, ko da a wurin yafa iri ne. A kan kowane layi kafa kara mai shaidar abin da ka shuka. Daga nan duk abin da ya tsiro a wajen layi, ka san baƙo ne.

FURANNI

Gwangwama, mai ganye kamar na ayaba da jan fure, tana son laima, sai ka dasa ta bakin lambatu. Bado kuwa nasa cikin tabki ne. Akwai ɗan fure mai rawaya da ƙarfin ƙanshi wanda ake kira marigol. In an cika fangali da shi kafin a dasa tumatir, yana rage ƙananan tsutsotsin nan masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Kariya ba ta son ruwa, a fadama ruɓewa take yi. Kuma ruwan jikinta dafi ne, da shi ake haɗa dafin kibiya a da. Kada ka dasa ta inda yara ke wasa.

Akwai wata baƙuwar kainuwa mai kumburarren ƙarar ganye da fure shuɗi-shuɗi. Asalinta Amurka ta Kudu, ta riga ta dami masunta a kogin Kwara. Cikin mako 2 tana iya ninka kanta. Komi kyawun furenta, kada ka jefa ta a tabki ko lambatu. Tsamo ta, ka shanya ta bushe.

YADDA ZA KA GANE BAƘO

Kada ka ɗanɗana abin da ba ka sani ba. Kada ka ce ai akuya ta ci ba ta mutu ba, cikinka da nata ba ɗaya ba ne. Ka bar guda 1 ko 2 a gefe su girma, gama fure da 'ya'ya su ke tona asirin tsiro. Duba abu biyar: siffar ganye, warinsa in an murza, ruwan da ke fita in an karya, fure, da 'ya'ya. Wanda ya fid da farin nono kamar tumfafiya, kiyaye idonka, ka wanke hannu.

Ga masu kama da juna da suka fi ruɗin mutane:

Zaƙami da gauta. Danginsu ɗaya, suna ƙanana da wuyar rabewa. Ganyen zaƙami yana da wari in ka murza. Furensa dogo ne kamar kakaki, 'ya'yansa da ƙaya. Furen gauta ƙarami ne kamar tauraro. Zaƙami shi ne haukata-yaro. Wanda ya ci, bakinsa zai bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya riƙa sambatu. A kai shi asibiti nan da nan, tare da tsiron da ya ci.

Tafasa da rai-ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga. Ƙananan ganyen tafasa 6 ne, biyu-biyu, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore sukan kai 8 ko 10, bakinsu da tsini. 'Ya'yan rai-ɗore suna cutar dabbobi, in sun gauraya da abincinsu.

Duman rafi da dankali. Duka suna yaɗo, furensu iri ɗaya. Ganyen duman rafi mai kauri ne, a zagaye, kuma ba ya yin dankali a ƙasa. Tumaki da awaki in sun ci shi da yawa sukan kama makyarkyata.

In kuwa ka ga fure kamar na auduga, dangin kuɓewa ne da rama da yakuwa. Ƙwarin auduga sukan sauka a kansu. Duk da haka kada ka fesa maganin auduga ga abin da za a ci.

INDA ZA KA TAMBAYA

Tumɓuke tsiron da saiwarsa da furensa da 'ya'yansa. Shimfiɗa shi tsakanin takardu biyu, ka danne da dutse. Rubuta wurin da ka same shi da watan. Fara nuna wa tsofaffin mata masu tsinkar ganyen miya, da makiyaya, domin sun san daji. In bakinsu bai zo ɗaya ba, kai wa malamin gona, ko ka aika masa da hotonsa ta salula. Kafin amsa ta zo, kada a sa shi a tukunya, kada a ba dabba.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa na lambu wannan takarda.