Alƙalami Ma Harshe Ne

Karatu: Yaƙub 3:1-12, Luka 10:25-37.

Darasinmu na wannan wata a kan abin da muke rubutawa ne da abin da muke karantawa. Manzo Yaƙub ya kwatanta harshe da 'yar ƙaramar wuta wadda ta isa ta cinye babban kurmi. Alƙalami kuwa harshe ne na biyu, ya ma fi na baki tafiya nesa. Hausawa sukan ce magana zarar bunu ce. To, in an buga ta a takarda fa?

1. Wutar da muka gani

Mu da muke zaune a Kaduna arewacin kogi, ba sai an ba mu labari ba. A watan Fabrairu 2000 aka yi babban rikici a kan batun Shari'a. Bayan haka Kirista da yawa suka tashi daga Tudun Wada da Kawo suka koma Sabon Tasha da Narayi, Musulmi da yawa kuma suka baro kudu. Kogin da muke sha tare ya zama iyaka tsakaninmu.

A watan Nuwamba 2002 jaridar ThisDay ta buga wani rubutu a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka ambaci Annabin Musulmi ta hanyar da ta ɓata musu rai ƙwarai. Jaridar ta roƙi gafara, amma wuta ta riga ta kama. Mutum fiye da 200 suka mutu a garin nan, aka ƙone majami'u da masallatai. Alhakin jinin yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, gama babu rubutun da ya halatta kisa. Duk da haka, ga abin da 'yan layuka suka tayar.

2. Rubutun da ke ɗinke ɓaraka

Alƙalamin nan kuma yana iya warkarwa. A rikicin 1992 Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Dā abokan gāba ne. A 1995 suka sadu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu a nan Kaduna. Suka rubuta labarinsu a littafi, a 2006 kuma aka yi sinima a kansu, har mutanen ƙasashe masu nisa suka gani. Babu wanda ya bar bangaskiyarsa a cikinsu. Ƙiyayya ce suka bari.

Haka kuma Elnathan John, haifaffen Kaduna, ya fitar da littafin Born on a Tuesday a 2015. Labarin wani almajiri ne mai suna Ɗantala, wanda 'yan siyasa suka yi amfani da shi a lokacin zaɓe, ya gudu zuwa Sakkwato. Wanda ya karanta shi, da wuya ya sāke duban yaron da ke riƙe da kwano a bakin Kasuwar Barci kamar ba mutum ba. Zai tuna yana da suna, yana da uwa. Wannan shi ne abin da Ubangijinmu ya yi da misalin Basamariye: da labari ya nuna wa malamin Attaura wane ne maƙwabcinsa.

3. Abin da ya kamace mu

Yau kowane mai waya marubuci ne. Saƙo yakan shigo da dare cewa an kai hari unguwa kaza, kafin gari ya waye ya zaga dukan ekklesiya. In mun tura abin da ba mu tabbatar ba, mun karya dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ko da ba mu muka ƙaga shi ba. Misalai 26:20 ya koya mana cewa wuta takan mutu in ba a ƙara mata itace ba. Kada wayarmu ta zama itacen.

Ba mu ce a ɓoye gaskiya ba. In an zalunce mu, sai mu faɗa a fili, mu kai ƙara wurin hukuma. Amma mu faɗi abin da ya faru daidai, ban da ƙari, ban da zagin abin da maƙwabcinmu yake girmamawa.

Tambayoyi

1. Don me Yaƙub ya kwatanta harshe da wuta?
2. Wane saƙo ne ka tura a makon nan ba tare da ka bincika ba?
3. Maƙwabta nawa ka sani da suna waɗanda ba addininku ɗaya ba?

Addu'a: Ya Uba, ka tsare bakinmu da hannunmu, ka ba garinmu Kaduna salama a ƙetaren nan da wancan. Cikin sunan Yesu. Amin.