Hoton Cikin Ido: Jan Hankali ga Mutanen Magarya da Dungas

Jama'a, idan aka ce wane yana ciwon ido, abin da kan zo mana a rai shi ne ido ya yi ja yana kwantsa, ko amosanin ido da ke lanƙwasa gashin ido ya riƙa sukar ƙwayar, ko kuwa yana wadda ke mai da baƙin ido fari. Waɗannan ba su ɓuya, ko yaro ya duba ya gani. Amma akwai wata makanta da ba ta shela. Sai ka ga dattijo idanunsa biyu garau, ba ja ba kumburi, ka miƙa masa hannu ku gaisa bai gani ba. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ta buge shi. Galibi ba ko ɗaya. Ciwon yana can ƙuryar ido, inda ba a gani sai da na'ura.

Ga yadda Allah ya tsara abin. Haske kan shiga ta ɗan baƙin ramin nan na tsakiyar ido, ya ratsa, ya sauka kan wani tantani da ke shimfiɗe a bangon baya, wanda kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Shi ne tantanin gani. Daga jikinsa zarurruka fiye da miliyan 1 suke haɗuwa su zama jijiya guda, ta fita ta bayan ido ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ita yana ana cire ta, a sa ɗan gilashi a gurbinta, mutum ya ga gari. Zaren jijiya kuwa in ya mutu ya mutu ke nan, har yau ba a sami likitan da zai tashe shi ba. Don haka duk dabarar ita ce a gano ciwon tun da sauran abin ceto.

Yadda aka fara leƙawa

Wani Bajamushe mai suna Hermann von Helmholtz ne ya fito da madubin leƙa cikin ido a 1851. A 1886 aka ɗauki hoton cikin idon mutum mai rai na farko. A 1961 wasu ɗaliban likita biyu a Amurka, Novotny da Alvis, suka nuna cewa in an yi wa mutum allurar wani rini a hannu, ana iya ɗaukar hoton jini yana bin hanyoyinsa a cikin ido, a ga inda ya toshe da inda yake yoyo. Sai 1991, David Huang da James Fujimoto da abokan aikinsu a Amurka suka bayyana na'urar da ake kira OCT. Ita tana aiki ne irin na na'urar duba mata masu juna biyu, sai dai da haske take awo ba da sauti ba, tana nuna tantanin gani hawa-hawa, har ta faɗi kaurin zarurrukan jijiya, alhali ba a taɓa idon ba.

Abin da ya sa likitoci suka nace wa wannan ɗan wuri shi ne, a duk jikin ɗan Adam nan ne kaɗai ake kallon ƙananan hanyoyin jini da kan jijiya ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka ba. Kuma tun jariri yana ciki, tantanin gani daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa. Abin da ya sami ɗaya sau da yawa yakan bar alama a ɗayan.

Yaron da zazzaɓi ya sumar

Wannan batu namu ne fiye da na kowa. Duk wanda ya taɓa kai yaro asibitin Magarya tsakanin Agusta da Oktoba ya san yadda wurin kan cika. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a sashen yara na asibitin a 2005, ta kuma taɓa buɗe wani sashen a Dungas don lokacin da cuta ta fi ƙamari. A watan Satumba na 2018 ta ba da sanarwar cewa yara fiye da 700 ne kwance a Magarya, kuma wajen 10 ke rasuwa kowace rana, akasarinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa.

Mafi muni a zazzaɓin nan shi ne wanda ke hawa kai. Ƙwayar cutar takan shiga jajayen ƙwayoyin jini ta sa su yi danƙo, su manne a bangon ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, jini ya kasa wucewa. Yaro ya fara taune-taune, ya sanƙare, ya faɗa dogon suma. To, ga inda gizo ke saƙa. Da damina yara da yawa suna yawo da ƙwayar a jininsu ba tare da ita ce ta kayar da su ba. Yaro na iya suma saboda sanƙarau, ko don sukarin jininsa ya faɗi, ko don wani abu da aka ɗura masa a gida. An gwada jini, an ga ƙwayar zazzaɓi, sai a ɗora mata laifin duka, shi kuwa ainihin ciwon yana can yana cin yaro.

A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, a ƙasar Malawi, aka warware wannan ƙulli. Wata likitar ido, Susan Lewallen, ta riƙa leƙa idanun yaran da suka suma, a 1993 ta fitar da bayanin abin da ta gani. A idon mai lafiya, tantanin gani ja ne mai ruwan lemo, hanyoyin jini sun bazu a kai jawur. A idon waɗannan yara kuwa sai a ga wasu wurare sun yi fari-fari inda jini ya daina kaiwa, wasu hanyoyin jinin sun koɗe sun koma ruwan goro ko farare, ga ɗige-ɗigen jini masu farin tsakiya, wani lokaci kuma kan jijiyar ya kumbura. A 2004 Terrie Taylor da abokan aikinta suka ba da sakamakon binciken gawarwakin yara 31 waɗanda aka ce zazzaɓin ƙwaƙwalwa ne ya kashe su, iyayensu kuma suka amince a duba. Sai aka tarar kashi 23 cikin 100 wani abu ne daban ya yi ajalinsu. Cikin duk alamomin da likita ke dubawa a bakin gado, abin da aka gani a ido ne kaɗai ya rarrabe waɗannan da waɗancan. Iyayen nan da suka danne zuciyarsu suka yarda, duniya na bin su godiya. Daga baya, a 2015, hoton ƙwaƙwalwa da aka yi wa yara a asibitin nan ya nuna cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe mafi yawan waɗanda suka rasu.

Kada wani ya ɗauka ana nufin a tsaya jiran likitan ido kafin a yi wa yaro allura. A'a. Yaron da ya suma da ƙwayar zazzaɓi a jininsa, allurar artesunat ake yi masa nan take. Amfanin leƙa idon shi ne, in ba a ga alamomin nan ba, likita ya ƙara buɗe ido ya nemi wani dalilin. Saboda haka, uwa, in kin ga an ɗiga wa ɗanki magani a ido ana haska shi da ƴar fitila alhali ba ciwon ido ya kawo ku ba, kada ki ce an yi kuskure. A ganina, wurin da ya fi cancanta a horar da ma'aikata wannan aiki shi ne irin namu, inda marasa lafiyar suke. Madubin hannu ba shi da tsadar a zo a gani, idon da ya saba ne ke da wuya.

Hawan jinin ido

Wannan shi ne babban mai makantar da manya a ɓoye. Akwai ruwa da ido ke yi kullum yana kuma zubar da shi ta wata ƴar magudana. In magudanar ta cushe, ruwan ya matse ido, matsin ya riƙa kashe zarurrukan jijiya. Ku dubi igiyar guga: silli ɗaya ya tsinke, biyu su tsinke, mai ɗiban ruwa bai sani ba don guga na fitowa cike, sai ranar da ta rage ƴan silla kaɗan. Haka jijiyar ido take. Gefe-gefen gani ne ke fara tafiya, tsakiya na nan. Mutum na karanta Alƙur'aninsa lafiya lau, amma a kasuwa yana tuntuɓe da tiren mai goro, babur ya fito ta gefensa bai gan shi ba sai ya ji ƙaho. Ba zafi, ba hawaye.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken ido a Nijeriya, aka duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Cikin kowane 100, an sami wajen 4 makafi, wajen 5 kuma da hawan jinin ido. Cikin masu ciwon, waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Mu da mutanen Ɓaɓura da Maigatari da Baure kasuwarmu ɗaya, auratayya muke yi, jininmu ɗaya, don haka wannan lissafi ba na wasu can ba ne. An kuma tabbatar ciwon ya fi kama baƙar fata, ya fi kama su da wuri, kuma yana bin dangi. Wanda mahaifinsa ko yayarsa suka makance ido garau, ya je a duba shi ko da yana ganin allura a cikin rairayi.

Awon matsin ido shi kaɗai bai isa ba. A yawancin mutane yakan tsaya tsakanin 10 da 21, amma akwai waɗanda nasu bai wuce haka ba jijiyar kuwa tana lalacewa. Hoto shi ke nuna gaskiya: a tsakiyar kan jijiya akwai ɗan kwarmi, in zarurruka na mutuwa kwarmin na faɗi. Hoton bana aka aza kusa da na bara, sai a san ko ciwon ya tsaya ko yana gaba. Maganinsa na ɗigawa ne kullum har ƙarshen rai, ko hasken leza, ko aiki. Ba ya mai da abin da ya tafi, tsare saura yake yi. Da yawa kan ɗiga wata biyu, su ce ba su ga canji ba, su watsar. Rashin canjin nan shi ne nasarar. Sannan a yi hattara da magungunan ɗigawa na ƴan tebur: akwai masu kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan, amma in aka daɗe ana amfani da su sukan ta da matsin ido.

Ciwon sukari shi kuma hanyoyin jinin tantanin yake rarakewa, su riƙa yoyo, daga baya wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe. Binciken da aka yi a Amurka tun wajen 1976 ya nuna ƙona wuraren da leza a kan kari na rage mummunar asarar gani da fiye da rabi. Duk wanda aka ce yana da sukari a duba cikin idonsa tun ranar, sannan shekara-shekara. Masu sikila ma haka, da masu hawan jini. Mai shan maganin tarin fuka kuwa, in ya ga launuka sun fara rikice masa ko gani ya dushe, ya gaya wa majo ba da ɓata lokaci ba, don ɗaya daga cikin ƙwayoyin kan taɓa jijiyar ido.

In masu bincike sun zo

Duk abin da aka faɗa a sama, da yardar marasa lafiya aka gano shi. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Maƙwabtanmu na Matamaye, ƙauyuka 48 suka shiga binciken amosanin ido da aka fara a 2010, wanda hukumar kula da lafiyar ido ta ƙasa ta yi tare da likitocin jami'ar Kalifoniya. A yankin Nakuru na Kenya kuma, Andrew Bastawrous da mutanensa sun maƙala wa wayar hannu wani ɗan gilashi, suka nuna cewa wanda ba likita ba ma yana iya ɗaukar hoton kan jijiya mai amfani. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata manhajar kwamfuta da ke duba hoto da kanta ta gano ɓarnar sukari. Ma'ana, ana iya ɗaukar hoto a Waca ko Dogo-Dogo, gwani ya karanta shi a Damagaram ko Yamai.

Amma yarda ba ta nufin miƙa wuya. Binciken ƙwarai sai ya sami izinin kwamitin ɗa'a na ma'aikatar lafiya, ya biyo ta hannun likitan gunduma da mai gari. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Ka tambaya: me za a yi mini, ina za a kai hoton, za a sa sunana, in an ga ciwo wa zai yi mini magani? In ka ƙi, ba a hana ka magani. In ka shiga ka ga ba za ka iya ba, kana iya fita. Wanda ya zo ya ɗauki hoto ya ga ciwo, ya tafi bai nuna maka inda za ka dosa ba, bai kyauta ba, kuma ya kamata a faɗa masa.

Shi ɗaukar hoton ba abin tsoro ba ne. Za a ɗiga maka magani mai ɗan yaji, ka jira kamar rabin awa baƙin ramin ido ya buɗe. Ka aza haɓa a kan na'ura, ka jingina goshi, ka kalli wani ɗan haske kore. Walƙiya ɗaya, an gama. Ba ya rage gani, ba ya zuƙe komai daga ido. Akwai sashen ido a babban asibitin Damagaram, akwai asibitin ido na Makka a Maraɗi, ga na ECWA a Kano wanda kakanninmu ma sun san shi. A tafi da duk kwalaben maganin da ake ɗigawa, da takardun baya, a kuma roƙi a rubuta adadin matsin ido da kwanan wata a kati. Bayan ɗigawar gani kan yi hazo na wasu awoyi, rana ta riƙa kashe ido, don haka a tafi da ɗan rakiya, kuma kada wanda aka duba ya ce shi zai tuƙo babur zuwa gida.